Labarin Hugh Clapperton, Baturen da Ya Ga Ruwa Ya Daskare a Hanyar Kano

Wanda duk ya taɓa yin sammako ya bi ta Ƙofar Dawanau cikin watan Janairu ya san abin da a ke nufi da ɗari. Ƙofar nan tana gefen arewa maso yamma na ganuwar Kano, tsakanin Ƙofar Ruwa da Ƙofar Waika, tana fuskantar hanyar Dawanau da Bichi har Katsina. Da asuba sai ka tarad da mutane sun kewaye wuta a bakin hanya, kowa ya ƙudundune cikin mayafi. In ka tsaya sauraron dattawa, sai ka ji wani ya ce sanyin yanzu wasa ne, na da shi ne sanyi, wani kuwa ya rantse bai taɓa ganin irin na bana ba. To, wa zai raba wannan gardama? Fatar jiki ba ta riƙe lissafi, kuma sanyin da tsoho ke ji ba shi ne yaro ke ji ba. Ba mai raba ta sai ma'auni da takarda. Don haka na ga ya kamata in kawo muku labarin ɗaya daga cikin mutanen farko da suka shigo ƙasar Hausa da ma'aunin zafi da sanyi cikin kayansu, suna dubawa suna rubutawa.

Sunansa Hugh Clapperton, amma a ƙasashenmu da Abdullahi aka san shi, don shi ne sunan da ya ɗaukar wa kansa na tafiya. An haife shi ran 18 ga Mayu, 1788, a wani gari wai shi Annan cikin ƙasar Sikotlan, arewa da Ingila. Ubansa likita ne mai 'ya'ya da yawa, saboda haka yaron bai daɗe a makaranta ba. Yana da shekara 13 aka ba da shi ga wani jirgin fatauci mai kai da kawowa tsakanin Libaful da Amurka. Daga nan ya faɗa aikin sojan ruwa na Ingila, lokacin kuwa ana tsakiyar yaƙi da Faransa. Yana cikin waɗanda suka ci tsibirin Morishas a 1810. A cikin jirgi ya koyi abin da ya amfane shi daga baya, watau auna tsayin rana da taurari don sanin inda mutum ya ke, da rubuta halin iska da sama kowace rana ba fashi. Wannan al'ada ce ta ma'aikatan jirgi, ba sa barinta ko ba su da lafiya.

A 1814 aka aike shi Kanada, ya yi aiki a manyan tafkunan ƙasar, har ya sami muƙamin laftanan. Can ne ya san sanyi na ainihi, inda tafki ke daskarewa har mutane su taka bisansa. Masu ba da labarinsa sun ce ya taɓa yin doguwar tafiya a ƙasa bisa ƙanƙara da mutanensa, wani yaro a cikinsu ya kasa, sai ya goya shi mil da yawa, yaron ya mutu a bayansa, shi kuma sanyi ya ci masa gaɓar babban yatsa. Shekarun nan kuwa ba su da daɗi a duniya duka. A 1815 wani dutse mai aman wuta, Tambora, ya fashe a tsibiran Indunusiya, ƙurarsa ta rage hasken rana, har mutanen Turai da Amurka ta Arewa suka sa wa 1816 suna shekarar da ba ta da bazara. Ku riƙe wannan a zuci, don ku san cewa wanda ya ba da shaidar da za mu zo kanta ba baƙon ƙanƙara ba ne, ba kuwa zai rikita ta da raɓa ba.

Da yaƙi ya ƙare aka sallame shi gida a 1817 da rabin albashi. Yana zaman kashe wando sai ya gamu da wani likita a Edinbara, Walter Oudney, wanda gwamnatin Ingila ta nufa da aikowa Barno. Babban abin da Turawa ke nema a zamanin nan shi ne sanin inda kogin Kwara ya ƙare, da kuma hanyar ciniki. Kada mu ɗauka yawon buɗe ido kurum ya kawo su. Aka haɗa su da wani hafsa, Dixon Denham, wanda shi da Clapperton ba su taɓa shan inuwa ɗaya ba har suka rabu. Suka taso daga Tarabulus a 1822, suka yi dogon jira a Murzuk, sa'an nan suka ratsa Sahara ta hanyar Bilma. Ran 4 ga Fabrairu, 1823, suka hangi Tafkin Chadi, ran 17 ga wata suka shiga Kukawa wurin Shehu Laminu, watau Muhammadu al-Amin al-Kanemi.

Bayan sun yi wata goma a Barno, Denham ya zauna don ya kewaya tafkin, Clapperton da Oudney kuwa suka bi ayarin fatake suka yiwo yamma ran 14 ga Disamba, 1823. Oudney dama tari ya riga ya ci ƙarfinsa. Suna tafe suna zango, har wajen ƙarshen watan suka kai iyakar ƙasar Bade. A nan ne wata safiya suka tashi suka ga abin da ya ba su mamaki. Ruwan da aka bari waje cikin ƙananan mazubai ya yi ɓawon ƙanƙara a bisansa, salkuna sun daskare sun yi tauri kamar katako, dawaki da raƙuma suna ta makyarkyata. Clapperton ya rubuta wannan cikin littafinsa na kullum. Daga ran nan ciwon Oudney ya tsananta. Suka kai Katagum farkon Janairu, Sarki Ɗan Kauwa ya karɓe su da mutunci, amma likitan ya matsa sai a ci gaba. Ba su yi nisa ba ya rasu a wani ƙauye wai shi Murmur, ran 12 ga Janairu, 1824. Clapperton ya binne abokinsa, ya kama hanyar Kano shi kaɗai da barorinsa.

Da labari ya kai Turai sai ya zama abin gardama. Aka riƙa cewa sanyi ya kashe likita a tsakiyar Afirka, waɗansu masana kuwa suka ɗauka lalle ƙasar nan tudu ce mai tsawon gaske, don a ganinsu ruwa ba ya daskarewa kusa da tsakiyar duniya haka sai bisa manyan duwatsu. Mu da mu ke zaune a ƙasar mun san ba haka ba ne. Tafkin Chadi bai kai ƙafa 1,000 bisa teku ba, Kano ma ba ta wuce ƙafa 1,600 ba.

Ga yadda abin ya ke. Duk abin da ya sha rana, in dare ya yi sai ya riƙa sakin zafinsa yana tashi sama. Gajimare da laimar da ke cikin iska su ne kamar bargo, suna tare zafin nan suna mayar da shi ƙasa. Shi ya sa daren damina mai hadari ke da gumi. Da hunturu kuwa iska ta taso daga Sahara a bushe ƙayau, in aka yi dace daren ya zo ba gajimare, ba hazo mai kauri, iska kuma ta kwanta, sai ƙasa ta kwana ba mayafi, zafinta ya yi ta tsiyaya har ketowar alfijir. Abin da ke shimfiɗe a fili yana duban sama ya kan fi iskar da ke bisansa sanyi. Salka kuwa tana da nata dalili na biyu, wanda kowace mace mai randa ta sani: ruwa na tsattsafowa ta jikin fata, busasshiyar iska na shanye shi, yana tafiya da zafin na ciki. In dalilan nan biyu suka haɗu, ruwa kaɗan na iya daskarewa ko da iskar wurin ba ta sauka har matakin daskarewa ba, watau digiri 32 a lissafin Faranhait, ko sifiri a lissafin Salsiyas. Tun 1814 wani likita, William Charles Wells, ya bayyana wannan cikin littafinsa a kan raɓa, har ya kawo misalin mutanen Bangala ta ƙasar Hindu, masu jera kasake bisa tattaka a fili da daren ɗari, da safe su kwashi ƙanƙara. Ashe dai abin da Clapperton ya gani gaskiya ne, masu fassara shi ne suka yi nisa.

Ran 20 ga Janairu, 1824, ya shiga Kano. Ya sa tufafinsa na sojan ruwa don ya burge mutane, amma ba wanda ya ɗaga kai ya dube shi, kowa na ta harkar gabansa. Wanda ya san Kanawa ba zai yi mamaki ba. Sarki Ibrahim Dabo yana sansani, ana fama da Ɗan Tunku, can ya je ya gaishe shi. Ya yi wata guda a birni, zazzaɓi na kama shi yana sakinsa, duk da haka ya kewaya ya ƙiyasta. A lissafinsa ganuwa ta kai mil 15 a kewaye, da ƙofa 15, mutane kuwa tsakanin 30,000 da 40,000. Ya yaba tsarin kasuwa ƙwarai, har ya sayi laima ƙirar Ingila a ciki. Amma ga abin da ya shafe mu: ya ce gidaje ba su ci fiye da rubu'in filin da ke cikin ganuwa ba, saura duk gonaki ne da lambuna. Gefen arewa da yamma, inda Ƙofar Dawanau ta ke, yana cikin wuraren da suka daɗe a haka. Bai kuma bar duba ma'auninsa ba, safe da rana da la'asar, aka buga jerin awon da suka yi a ƙarshen littafin tafiyarsu a 1826.

To, a nan ya kamata mu dakata, mu tambayi kanmu ko me awon nan ke iya gaya mana game da sauyin yanayi. Wani mai gaggawa zai ce ai magana ta ƙare: a 1823 salka ta daskare a ƙasar Bade, yau kuwa ba mu jin haka, saboda haka duniya ta ɗumama. Maganar tana da daɗin ji, amma ba hujja ba ce. Safiya ɗaya ba ta zama shaidar zamani, kamar yadda zangarniya ɗaya ba ta gaya maka abin da ke cikin rumbu. Ma'aunin Clapperton yana tafe bisa raƙumi, yau nan gobe can, wani lokaci cikin laima, wani lokaci gindin itace. Shi dai ya nuna mana iyakar da sanyi ke iya kaiwa a wancan zamani. Wani matafiyi na bayansa, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, shi ma ya auna wata asuba kusa da Kukawa cikin Nuwamba 1852, ya sami digiri 41 na Faranhait, watau 5 na Salsiyas. Shaidu ne masu daraja, amma a warwatse su ke.

Abin da ke zama hujja shi ne awo a wuri ɗaya, da ma'auni iri ɗaya, kowace rana, shekara da shekaru. Masu aikin nan suna ajiye ma'auni cikin wani farin akwati mai tagogi kamar haƙarƙari, tsaye a fili wajen ƙafa 4 ko 5 daga ƙasa, don iska ta ratsa shi amma rana da raɓa kada su taɓa shi. Wani mutumin Sikotlan ne, Thomas Stevenson, ya ƙago shi a 1864. A ciki akwai ma'auni na musamman mai ɗan tsinke, wanda ke tsayawa inda sanyin dare ya kai iyaka, ko mai dubawa na barci. Ba a kuma yanke hukunci a kan yanayin wuri sai an tara awon shekara 30. Sa'an nan a ɗauki shekarun nan, misali 1961 zuwa 1990, a ware dare ɗaya cikin kowane goma, waɗanda suka fi sanyi, a sa su zama iyaka. Daga nan sai a riƙa ƙidaya dare nawa ne a kowace shekara suka sauka ƙasa da iyakar. In adadin na raguwa shekara bisa shekara, to, bargon nan da muka ambata ya ƙara kauri.

Ya kuwa ƙara. Abin sha'awa, a shekarar da Clapperton ya shiga Kano, 1824, wani masani na Faransa, Joseph Fourier, ya rubuta cewa iskar da ke kewaye da duniya tana riƙe mata zafi. Daga baya John Tyndall ya gwada a 1859, ya ga tururin ruwa da iskar kabon su ne masu riƙewar. A zamanin Clapperton iskar kabon wajen kashi 280 ce cikin miliyan, yanzu ta haura 420, saboda ƙona gawayin ƙasa da man fetur da sare dazuzzuka. Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana a 2021 cewa zafin duniya na shekarun 2011 zuwa 2020 ya ɗara na 1850 zuwa 1900 da wajen digiri 1.1 na Salsiyas, kuma tun daga 1950 matsanancin sanyi ya ragu a yawancin ƙasashe, ga yawa ga tsanani. Wani bincike da aka buga a 2006 a kan tashoshin kudancin Afirka da yammacinta, daga 1961 zuwa 2000, ya sami haka nan, har ya ga dararen sanyi sun fi ranakun sanyi saurin raguwa. A ganina wannan shi ne dalilin da ya sa awon asuba ya fi kowane awo daɗin fahimta ga mutumin ƙasarmu, don da asuba ne a ke sanin ko bargo ya riƙe zafi.

Amma akwai tarko biyu. Na farko, ɗumamar duniya ba ta hana wata shekara ta zo da muku-mukun da zai sa tsofaffi su kwana gaban wuta. Irin shekarun nan suna zuwa, tazarar da ke tsakaninsu ce ke ƙaruwa. Na biyu kuwa yana nan Ƙofar Dawanau. Gonakin da Clapperton ya gani cikin ganuwa yau sun zama gidaje, birni ya tsallake ganuwa ya miƙa har wajen kasuwar hatsi ta Dawanau. Siminti da kwano da kwalta suna shan rana su yi ta sakin zafi da dare. Saboda haka in dattijon unguwar ya ce asubar yanzu ba ta kai ta ƙuruciyarsa sanyi ba, mai yiwuwa ya yi gaskiya, amma wani kashi na sauyin daga ginin maƙwabcinsa ya ke, wani kashi daga duniya. Ba a raba su sai an gwama awon birni da na ƙauye. Mu da za a rarraba mu makarantun karkara, wannan aiki ne da ba ya fi ƙarfinmu: akwati guda, ma'auni guda, littafi guda, da yaro mai hankali da zai duba kowace safiya. Manomin alkama na fadama, wanda amfaninsa ba ya kyau sai da ɗari, shi zai fara gode mana.

Mu koma ga mai labari. Ya bar Kano ƙarshen Fabrairu, ya isa Sakkwato tsakiyar Maris 1824, ya sauka hannun Waziri Giɗaɗo ɗan Laima. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karɓe shi da kyau, ya duba kayan awonsa ɗaya ɗaya, ya yi masa tambayoyi a kan taurari da ɗariƙun Nasara har baƙon ya ga ba da wasa ya ke ba. Ya ba shi taswirar ƙasa, amma bai bar shi ya tafi Yawuri da Nufe neman Kwara ba. Sai ya juya ta Kano da Kukawa, ya sake ratsa Sahara, ya isa Ingila cikin Yuni 1825.

Bai huta ba. Kafin shekara ta ƙare ya sauka Badagiri ta teku, da niyyar ya komo wurin Bello ta kudu. Cikin makonni kaɗan zazzaɓi ya kashe abokan tafiyarsa biyu, Pearce da Morrison. Ya ratsa ƙasar Yarabawa da Bargu, ya ƙetare Kwara kusa da Busa, ya biyo ta Zariya ya shiga Kano cikin Yuli 1826, tsakiyar damina. Wannan karo bai zo a sa'a ba. Yaƙi ya tashi tsakanin Sakkwato da Barno, shi kuwa yana ɗauke da wasiƙa da kyautai, har da makamai, zuwa ga Shehu Laminu. Bello ya hana shi wucewa, ya karɓe kayan. Turawa da yawa sun zargi Bello da wannan, amma ban san sarkin da zai bar baƙo ya kai wa abokin gabansa makamai ana tsakiyar yaƙi ba. In muka tuna kuma cewa shekara 76 bayan haka, a 1903, sojan Ingila suka ci Kano da Sakkwato, za mu ga tsantsenin nan nasa ba a banza ya ke ba.

Clapperton ya zauna Sakkwato rai a ɓace. Cikin Maris 1827 ciwon ciki ya kwantar da shi, lokacin kuwa bazara ta kankama, ɗaki kamar tanderu. Baransa Richard Lander ya yi jiyyarsa wata guda, yana yi masa fifita. Ya rasu ran 13 ga Afrilu, 1827, yana da shekara 38, aka binne shi a wani ƙauye kusa da Sakkwato. Lander ya tattara takardun ubangidansa, ya biyo ta Kano ya sauka Badagiri, ya kai su Ingila a 1828, aka buga su a 1829. A 1830 shi da ƙanensa John suka shiga kwale-kwale daga Busa, suka bi Kwara har inda ta faɗa teku.